Malama Adawiyya, Mai Awon Kaka

Idan aka idar da sallar asuba a unguwar da ke bayan rijiyar Kusugu a Daura, kafin masu ƙosai su ɗora kasko, akwai gidan da ƙamshin gawayi ke fara fitowa daga cikinsa, ba kuwa girki ake yi ba. Malama Adawiyya ce ke hura dutsen guga. Ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, ita ba ta yarda da dutsen lantarki ba, wai ba ya kwantar da wuyan riga yadda take so. Sai ta goge fararen kayanta tas, ta rataye, ta karya da koko, sannan ta jawo wata tsohuwar jakar fata da hannunta ya sha ɗinki a wurin baduku, ta leƙa ciki ta tabbatar abin awon jininta yana nan. A bakin layi Sama'ila ɗan acaɓa yana jira. Tun yana saurayi yake kai ta wurin aiki, har furfura ta fito masa, kuma har ranar da ta ajiye aikin ba ta daina yi masa faɗan gudu ba.

Haka safiyarta ta kasance duk tsawon shekarun da ta yi tana koyarwa a makarantar aikin jinya. Ba ita ce shugaba ba, ba ta taɓa zama ba, hotonta ma bai taɓa hawa kalandar makarantar ba. Ita ce malamar da ke kwasar ɗalibai daga aji ta kai su ɗakunan marasa lafiya, ta tsaya a kansu har abin da suka haddace ya sauko cikin hannuwansu. Kafin a shiga sai an jera mata yatsu ta duba farce. Wadda ta zo da dogon farce, akwai reza a jakar, a nan za ta yanke shi kowa na kallo. Ɗalibai kan ce gara ka haɗu da jarrabawa da ka haɗu da Malama tana shiru tana kallon yadda kake wanke hannu. Amma fa su ɗin nan, ranar da allura ta gagare su ko majinyaci ya rikice musu, ba wanda suke nema da ido sai ita.

Yau ka shiga ƙananan asibitocin ƙasar Daura, ko Zango, ko Baure, ko Sandamu, ko Mai'adua, har ka gangara Mashi. In ka ga nas ta jawo kujera ta zauna daidai da majinyaci kafin ta buɗe baki, ta gaishe shi da gida da gona kafin ta tambayi ciwo, to tambaye ta wa ya koya mata. Za ka ji sunan. Wannan kaɗai ya isa a yi wa mutum jinjina. Sai dai ba don shi aka ɗauki alƙalami ba yau. Akwai abu guda da baiwar Allahn nan ta ƙirƙiro, ta raine shi, ta yi fargabar zai mutu ranar da ta bar aiki, kuma labarinsa ne ya kamata mutanen Daura su ji.

Wata ranar kasuwa ce, da damina, lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara gida-gida. Barandar ɓangaren yara ta cika maƙil. An sa wata ɗaliba mai suna Fadila ta riƙa tantance masu zuwa, ta ware wanda ba zai iya jira ba a shigar da shi nan take, wanda zai iya jira ya bi layi. Fadila kuwa ba a magana, ita ce ta ɗaya a ajinsu, yarinya mai nutsuwa, haifaffiyar cikin gari. Sai ga wata tsohuwa, Iya Shatu, daga wani ƙauye a hanyar Mashi, goye da jikanta, matar ɗanta Haulatu na biye da ita, ƙaramar yarinya, mayafi har goshi. Fadila ta yi tambayoyin da littafi ya ce a yi, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Yana shan nono? Ya yi amai? Ya yi jijjiga? Kowace tambaya uwar take yi wa, amma kakar ce ke amsawa: ɗan zafin jiki ne, haƙori yake fitarwa, barci yake yi. Fadila ta juya ga Haulatu ta ce haka ne? Haulatu ta kau da kai wajen bango ta ce haka ne. Aka ce su bi layi.

To, yaron nan ɗan farin Haulatu ne, kowa kuwa ya san yadda muke da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna rawar jiki a kansa, balle a gaban uwar miji. Wadda ta yi, a ce ba ta da kunya, a yi ta yi da ita a gidan suna. Iya Shatu kuma kada wani ya ɗauke ta muguwa. Ita ta matsa a zo asibiti, ita ta goya yaron a kan babur duk da ciwon ƙugunta. Abin da ta sani ta faɗa. Abin da ba ta sani ba shi ne, jiya da la'asar, tana gidan barka a maƙwabta, yaron ya sandare a hannun uwarsa idanu sun juye, ya sake yi da safe kafin ta shigo ɗakin, kuma tun jiyan bai kama nono ba. Haulatu ta ga wannan duka ita kaɗai, kunya ta ɗaure mata baki. Ita ma Fadila ta gane kunyar ce, don a gidan da ake yin ta ta tashi, sai ta ji nauyin ta matsa wa yarinya a gaban surukarta. Allah Sarki, tarbiyya ce ta haɗu da tarbiyya, yaro na mutuwa a tsakaninsu.

Malama Adawiyya ta zo wucewa da jakarta. Ba fuskar Haulatu ta kalla ba, don fuskar ba ta faɗin komai. Hannunta ta gani. Yarinyar ta juya kai kamar ba ruwanta, amma ta zura hannu ta ƙarƙashin mayafi ta kama tafin ƙafar ɗan da ke bayan kakarsa, ta riƙe gam har jijiyoyin hannun sun tashi. Malama ta tsaya cak. Ta san akwai magana a bakin nan, ta kuma san in ta ce wa tsohuwa ta fita, an ɓata goma: tsohuwa za ta ji an wulakanta ta, ta ɗauki jikanta ta tafi, ƙauyen gaba ɗaya ya ji cewa a asibitin Daura korar iyaye ake yi. Sai ta durƙusa ta gaida Iya Shatu kamar ta shekara tana nemanta, ta tambayi mutan gida, ta yaba goyon, sannan ta buɗe jaka.

“Iya, tunda Allah Ya kawo ki, ai ba kya koma ban auna jininki ba. Mu nan kaka muke fara dubawa, ita ce ginshiƙin gida. Kwance shi ki ba uwar ta riƙe miki, mu shiga daga ciki.”

Tsohuwa ta washe baki, ta ce rabonta da wani ya tambayi lafiyarta har ta manta. Tana miƙewa Malama ta raɗa wa Fadila cewa ta sake tambayar daga farko, ta zauna a ƙasa gefen yarinyar, kada ta kalle ta a ido, kada kuma ta ce “ɗanki”, ta ce “yaron nan”. Labule bai gama sauka a bayansu ba Haulatu ta fashe da kuka, magana na fita kamar an ɓalle bakin tulu. Kafin a cire wa Iya Shatu abin awo daga dantse, Fadila ta riga ta ruga da yaron wurin likita. Zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani har ya taɓa kai. Likitan ya faɗa a gaban mutane cewa da an bi layin nan zuwa azahar, da wani labarin ake yi. Yaron ya tashi, yana nan da ransa. Ita ma Iya Shatu, ashe jininta ya hau sama sosai ba ta sani ba, ciwon kan da take ɗaure wa da kallabi ke nan. Ranar da aka sallame su da magani biyu suka koma gida.

Fadila ta ɓuya a bayan ɗakin wanki tana kuka, tana cewa ita ta haƙura da aikin jinya, ta kusa kashe ɗan mutane. Malama ta same ta a can. Mutanen da suka san zafinta sun zaci ranar sai ta Allah, amma ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta ce mata tambayoyinta duk daidai ne, ba inda ta kauce wa abin da aka koya mata, laifin na masu koyarwar ne da suka koya mata abin da za ta tambaya, ba su koya mata a gaban wa za ta tambaya ba. Ta ce ta share hawaye ta wanke hannu, akwai sauran mutane a baranda.

Daga nan aka samu darasin Laraba. Ba ya cikin jadawali, ba ya cikin manhaja, ba a ba da maki a kansa. Bayan an tashi daga aji, Malama kan tara ɗalibai a ƙarƙashin dalbejiyar da ke bayan ɗakin gwaji, ta ciro wani tsohon mayafi da carbi daga jaka, ta rikiɗe ta zama uwar miji. Wallahi wanda bai ga Malama Adawiyya tana kwaikwayon suruka ba an bar shi a baya. Yau ita ce mai amsa kowace tambaya kafin a gama yin ta. Gobe ita ce mai jin haushi, wadda ta haifi goma ba ta taɓa zuwa asibiti ba. Wata ranar kurma ce da gangan. Wata ɗaliba ta zama amarya mai ɗan fari, a naɗe tawul a ba ta, wata kuma ta zama nas, aikinta ta ɗaga tsohuwar nan daga benci ba tare da ta ɓata mata rai ba. In ɗaliba ta yi garaje ta ce “Hajiya, ɗan ba mu wuri”, sai Malama ta fizge tawul ɗin ta saɓa a baya ta kama hanyar ƙofar makaranta tana mita, ɗalibai na faɗuwa don dariya. Sai ta dawo ta cire mayafi, dariya ta ɗauke, ta ce, to, kin ga yaro ya tafi gida da jijjigarsa. Su ɗaliban ne suka raɗa wa abin suna awon kaka, sunan ya bi ta.

Malama, ke ce kika gane cewa kunyar matan ƙasar nan ba cuta ba ce da za a yi wa allura, ba kuma jahilci ba ne da za a yi wa tsawa. Ba ki taɓa ce wa wata uwa ta yar da tarbiyyar gidansu ba. Kewayawa kika yi kika buɗe mata wata ƙofar, ta faɗi abin da ke cinta, ta fito da mutuncinta, surukarta ma ta fito da nata. Adawiyya mai jakar fata, gaishe ki.

Shekaru suka tafi a haka, ritaya ta fara leƙowa. Aka zo sabunta tsarin karatu, aka ƙara darussa, sa'o'i suka yi kaɗan, har yammacin Laraba aka ba wa wani fanni. Malama ta je ta sami Malam Abdulmuhaimin, shugaban kwamitin manhaja, ta ce a sa awon kaka cikin jadawali a riƙa jarraba ɗalibai a kansa, in ba haka ba tana fita zai bi ta. Malam Abdulmuhaimin mutumin kirki ne, mai gaskiya, ya kuma san aikinsa. Ya saurare ta har ta gama. Ya ce bai musa ko ɗaya ba, labarin yaron Mashi ma ya ji shi tun a lokacin. Amma kwamiti ba ya cire darasi ya sa wani da labari, sai da hujja, don masu sa ido daga sama hujja za su tambaya. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ta cin tuwo ranar.

“Malama, tsakani da Allah, wace tsohuwa ce za ki durƙusa wa ki yi mata wannan zaƙin bakin ta ƙi tashi? Ke ce fa. Yarinya 'yar shekara ashirin in ta gwada, anya za a kula ta? Ina tsoron ke ce maganin, ba darasin ba. In kuwa ke ce, ranar da kika tafi magani ya ƙare, ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba.”

Ta fito ranta a ɓace. Sama'ila ya ce ranar ce kaɗai ya yi gudu da ita har gida ba ta ce masa uffan ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta kasa rantsuwa cewa Malam bai yi gaskiya ba. Ɗalibanta suna yi, eh, amma yawanci tana kusa, ko kuma tsofaffin sun san yaran Malama Adawiyya ne. Idan duk wahalar nan baiwar bakinta ce kawai, to ba ta koyar da komai ba, wasan kwaikwayo ta yi ta yi a gindin bishiya. Wata a matsayinta sai ta yi fushi ta ce ba a san darajarta ba, ta jira fanshonta. Ita kuwa, mace da jikoki a gidan 'yarta, ta je ta yanki fam ɗin karatun digiri na biyu a fannin koyar da aikin jinya, don ta koyi yadda ake bincike.

Kai, an sha kallo. Matar da ɗalibai ke rawar jiki in ta yi gyaran murya, ga ta a aji da sa'o'in 'ya'yanta, da tabarau a karan hanci, tana danna kwamfuta da yatsa ɗaya tana yi mata faɗa kamar tana ji. Duk ƙarshen mako tana cikin motar haya, ta tafi ta dawo, Litinin kuma dutsen guga ya hau wuta kamar kullum. Tsarin binciken da ta fara kaiwa, malamin da ke duba ta ya mayar mata da shi. Ya ce ta sa kanta a tsakiyar aikin, ita ke koyarwa, ita ke ɗaga kaka, ita ke ƙirga sakamako, ai wannan ba zai amsa tambayar da aka yi mata ba. In tana son gaskiya, sai ta cire hannunta gaba ɗaya. A samo ma'aikatan jinya da ba su taɓa zama a ajinta ba, wani ya koya musu ba ita ba, a asibitocin da ba a san fuskarta ba, sannan a gwada abin da uwa ke faɗa a gaban suruka da abin da take faɗa bayan an fita da ita.

Wa zai koya musu? Fadila. Yarinyar da ta yi kuka a bayan ɗakin wanki ta riga ta zama cikakkiyar ma'aikaciya, da aurenta da 'ya'yanta, kuma ana kira ta amsa. Malama ta miƙa mata mayafin da carbin. Aka nemi izinin hukuma, aka bi masu unguwanni da mazaje aka yi musu bayani, kowace uwa sai ta yarda kafin a sa ta ciki, wadda ta ƙi a duba ɗanta yadda ya kamata a sallame ta ba tare da an canza mata fuska ba. Aka bazu cikin ƙauyukan kan iyaka, inda mota ke kafewa a yashi sai a hau babur.

Abin da ya fi wahalar da Malama a binciken nan ba hanya ba ce, ba kwamfuta ba ce. Zaman waje ne. Sharaɗi ne kada ta shiga, kada ma a san ko ita wace ce. Sai ta sa atamfa ta yafa gyale ta zauna a inuwa can nesa da asibiti, wurin masu sayar da gyaɗa, tana hango ƙofa. In ta ga tsohuwa ta shiga da matar ɗanta, sai ta kafa wa ƙofar ido. Fadila ta ba da labarin wata rana a wani ƙauye wajen Baure da wata sabuwar nas ta yi ta kame-kame, tsohuwa ta ƙi tashi, Malama na hange ta taga. Ta miƙe tsaye, ta zauna, ta sake miƙewa, har mai gyaɗa ta tambaye ta ko kunama ce ta harbe ta. Amma ba ta shiga ba. Ta san in ta taka ƙofar nan ta ɓata amsar da take nema, ko da amsar za ta zo ba yadda take so ba. Can sai ga nas ɗin ta fito riƙe da hannun tsohuwa suna hira, suka shiga ɗakin awo. Malama ta sayi gyaɗar da ba ta da niyyar ci.

Da aka tattara sakamako, wani ne daban ya yi lissafin, ba ita ba. Abin da ya fito bai zo cif yadda take fata ba, kuma ba ta ɓoye ba. Akwai tsofaffin da suka ƙi tashi ko da me aka yi musu. Akwai inda miji ne ya rako, dabarar ba ta ci sosai ba, ta rubuta haka ɓaro-ɓaro. Amma a mafi yawan lokuta yaran nan da ba su taɓa ganin Malama ba sun ɗaga kaka lami lafiya, kuma iyaye mata, musamman masu ɗan fari, sun faɗi alamomin haɗari da ba su faɗa ba a tambayar farko. Ga kuma tsofaffi da dama da aka gano jininsu ya hau aka ɗora su a kan magani. Ta kai wa kwamiti. Malam Abdulmuhaimin ya karanta daga bango zuwa bango, ya yi mata tambayoyi masu zafi kamar bai san ta ba, ta amsa. Sannan ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, ya ce alhamdulillahi, tambayarsa ta samu amsa, kuma shi da kansa zai nemo sa'o'in. Aka sa awon kaka cikin darussan aikace, da jarrabawarsa, aka ɗauko Fadila ta riƙe shi.

Aka yi mata walimar sallama, aka ci shinkafa, aka ba ta agogon bango da atamfa. Kowa na murna, ita ma tana yi, amma waɗanda suka san ta sun ga akwai saura. Ta faɗa wa Fadila a gefe cewa ta ga abubuwa da yawa da aka rubuta a manhaja suka mutu a cikinta, ɗalibi ya haddace ya zuba a takarda ya ci maki, ya shiga ɗakin marasa lafiya ya manta. Bincike ya nuna ana iya koya, bai nuna za a ci gaba da yi ba in ba mai kallo. Ta koma gida da wannan a ranta. Da asuba takan farka ta nufi gawayi, sai ta tuna ba inda za ta.

Ana nan, shekara ta zagayo har ta ɗora. Matar ɗanta Sadiq, Ummukulsum, wadda ta yi haihuwar fari, jaririyarta ta kwana biyu da zafin jiki. Sadiq yana Kano wurin aiki. Malama ta taɓa goshin yarinya ta ce a tafi asibiti, ta karɓe ta ta goya, suka hau Keke Napep. Atamfa ce a jikinta da babban mayafi, ba farin kaya, ba jaka. A baranda suka tarar da wata ɗaliba tana tantance masu zuwa, baƙuwar fuska, cikin waɗanda aka ɗauka bayan ta bar aiki. Sunanta na rubuce a ƙirjinta, Ifechi, 'yar wani mai shagon kayan gyaran babur a hanyar Kano, haihuwar Daura, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Ta gaishe su, ta jawo kujera ta zauna, ta fara tambaya. Tana shan nono? Malama ta amsa. Ta yi amai? Malama ta amsa. Ai ita ce ma'aikaciyar jinya, ita ta san abin da ake nema, ko tsayawa tunani ba ta yi ba. Ummukulsum na gefe, kai a sunkuye, tana wasa da bakin mayafi.

Ifechi ta dubi uwar, ta dubi kakar. Sai ta ajiye biro, ta zame daga kujera ta russuna.

“Mama, tunda Allah Ya kawo ki, ai ba kya koma ba mu auna jininki ba. Mu nan kaka muke fara dubawa. Kwance ta ki ba uwar ta riƙe miki, ga 'yar'uwata can za ta kai ki ciki.”

Malama Adawiyya ta dubi yarinyar da ke mayar mata da kalamanta. Sai a lokacin ta ji muryarta da ta yi ta amsa tambayoyin da ba ita aka yi wa ba. Ba ta ce ni ce wance ba. Ta kwance goyo ta miƙa wa Ummukulsum, ta bi ɗalibar da aka nuna mata sumui-sumui, ta zauna, ta miƙa dantse. Ta labule tana jiyo Ifechi ta sauko ƙasa tana cewa, “Yarinyar nan, yaushe rabonta da nono?” tana kuma jiyo muryar surukarta, wadda ba ta taɓa jin ta yi doguwar magana a gabanta ba, tana zuba bayani. Ashe tun jiya jaririyar ke zawo, Ummukulsum ta ji nauyin faɗa. Aka ba su magani da ruwan gishiri da sukari, yarinya ta warware cikin 'yan kwanaki. Mai awon ta ce jinin Mama lafiya lau, sai dai bugun zuciyar ya ɗan yi sauri, ga kuma idonta na ruwa, ko ta sha tafiya a rana ne? Malama ta ce eh, ta sha tafiya, amma ta iso.

Malama Adawiyya, mun gode. Iyayen da suka koma gida da 'ya'yansu a raye sun gode, ko da ba su san sunanki ba. Tsofaffin da ke shan maganin hawan jini a ƙauyukan kan iyaka sun gode. Ke ce aka ce miki wataƙila ke kaɗai ce maganin, kika ƙi jin daɗin wannan yabon, kika koma aji da furfurarki don ki tabbatar wasu ma za su iya. Masu koyar da aikin jinya da duk mai wata sana'a a hannu, ga abin koyi: in kana da dabarar da ke ceton mutane, kada ka bar ta a bakinka kai kaɗai, ka koyar da ita, ka yarda a gwada ta ba ka wurin, ka zauna wajen masu gyaɗa ka ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya raya jikokin. Kuma duk ranar da kika sake raka wata suruka asibiti, Allah Ya sa a sake fitar da ke.